Rasuwar Jan Alƙalamin Tebur Na Biyu

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Gana Umara, mai tace labarai a jaridarmu ta mako da ke unguwar Lamisula, nake sanar da rasuwar jan alƙalamina, ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya yana aiki.

Marigayi bai san sani ba, bai san sabo ba. Bai taɓa barin "an ce" ya wuce ba sai an faɗi wanda ya ce. Bai yarda a kira mutum ɓarawo kafin alƙali ya kira shi ba. Kanun labarin da ya haura kalma bakwai kuwa, yanka ne hukuncinsa. Duk ofis an san muryarsa, ƙirrr, daga wannan gefen takarda zuwa wancan, kuma da an ji ta sai kowa ya ajiye kofin shayinsa.

Ya bar Hashim, wanda ya mayar wa labari ɗaya sau shida, yanzu yana sayar da katifa a Shehuri. Ya bar Dorothy, wadda ta rubuta sanarwar rasuwar mahaifiyarta tana kuka, marigayi ya zagaye mata kuskure tara, bai rage ko ɗaya ba. Har yau ba ta gode ba.

Ajalinsa ya zo ta hannun Rumaisa'u, 'yar rahotonmu. Mako uku ta yi tana bin labarin rijiyar burtsatsen da ta lalace a unguwar Fezzan, ta kawo shafi biyu. Muka bi layi-layi, sau huɗu. Majiya da sunanta, adadi daidai, kowace ƙugiya na kan harafinta. Tana tsaye tana murmushi. Na danna marigayi a kan wani waƙafi, ko Allah zai sa a samu kuskure, sai bakinsa ya tsage.

Za a yi jana'iza gobe bayan azahar, a aljihun teburina na ƙasa. Mai ta'aziyya ya kawo ta a rubuce, kada ta wuce kalma arba'in. An yi wa marigayi likkafani da rahoton Rumaisa'u, shafi biyun duka. Saboda haka mutanen Fezzan su ci gaba da sayen ruwa, labarinsu ba zai fito ba.