Ranar da Sarkin Shiru Ya Hana Ayya Abinci

Duk faɗin tuddan da ke bayan birnin Adelaide, babu wanda ya kai Neville Hargreaves natsuwa. Shi da kansa ya faɗa, kuma ya sha faɗa. Mutum ne da ya kashe son kansa murus, ya kuma tabbatar kowa ya halarci jana'izar. Tawali'unsa ya yi girman da in ya shigo ɗaki sai an matsa masa.

Da can dillalin gidaje ne. Ya yi shekaru yana sayar wa mutane gidaje masu yoyo da murmushi, har ranar da ya hau jirgi zuwa ƙasar Tailan neman haƙiƙa. Ya dawo da askakken kai, da faffaɗan wando, da sabon suna: Santacitto, wai mai kwanciyar zuciya. Matarsa Glenys ta taɓa faɗa a kicin cewa rabin zamansa a can a gadon asibiti ya yi shi, gudawa ce ta kwantar da shi. Amma wa zai saurari Glenys? Ko tanƙwashe ƙafa ba ta iya ba.

Mabiya Buda da ke taruwa a tsohuwar rumfar askin tumaki sun kasa kiran sabon sunan, ko kuma sun ƙi. A bayan idonsa Sarkin Shiru suke ce masa, don babu wanda ya kai shi yawan magana a kan shiru. Duk Lahadin da aka keɓe don zaman natsuwa, da duk halwar kwanaki da ake shiga lokacin sanyi, shi ke riƙe da ƙararrawa, wani kwanon tagulla da ɗan sandansa. In ya buga, a zauna. In ya sake bugawa, a tashi. Babu wanda ya ba shi wannan aiki. Wata rana ce kawai aka tarar kwanon yana gabansa, kuma bai sake matsawa ba.

Kafin ya buga, sai ya yi jawabi.

"'Yan'uwana a tafarki," zai ce, da murya irin ta mai lallashin jariri, "shiru teku ne. Ni na daɗe da nutsewa. Ku kuna bakin gaɓa kuna wanke ƙafa, amma kada ku karaya. Ni ma na taɓa zama kamarku."

Babban aikinsa na gyara shi ne sauke agogon bango. "Agogo sarƙa ne," in ji shi. "Wanda ya farka, jikinsa ya san lokaci." Ya ajiye kwando a bakin ƙofa, kowa ya zuba waya da agogon hannu kusa da takalma. Ya kafa doka: ba motsi, ba magana, ba mai taɓa kwanon sai shi.

Mutum ɗaya ce ta taɓa karya dokar, Anti Malkanthi, tsohuwar ma'aikaciyar jinya 'yar asalin Sri Lanka, wadda kicin ke hannunta. Wata Lahadi ta raɗa masa cewa zaman ya wuce ƙa'ida, shinkafa na ƙonewa. Bai yi fushi ba, ai ya wuce fushi. Sai dai ya yi wa zauren duka huɗuba a kan mutanen da jikinsu ke kan matashi, zuciyarsu na cikin tukunya. Bai kama suna ba. Kallonta kawai yake yi. Anti Malkanthi ta yi kukanta a mota, ta rantse ba za ta sake buɗe baki a zauren nan ba.

Ana nan sai labari ya zo cewa Ayya Mettika za ta kawo ziyara. Ita ce tsohuwar 'yar zuhudun da ta kafa wannan jama'a, yanzu tana zaune a wata bukka can nesa cikin daji. Gwiwoyinta sun gaji da hanya. Wannan ne zuwanta na ƙarshe, kuma za ta faɗi wanda zai riƙa jagorantar zaman a madadinta.

"Ni ba na neman komai," Neville ya gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da shi. "Nema ai shi ne tushen wahala. Amma in nauyi ya faɗo, wa ke da kafaɗar ɗauka?"

Ya sa aka ɗinka masa sabon matashi, ja, ya fi na kowa tudu. Glenys ta kama shi a gaban madubin banɗaki yana gwada fuskar mamaki, hannu a ƙirji, baki a ɗan buɗe. Ya ce mata yana nazarin yadda jiki ke tsufa ne.

Kowa a zauren ya san ƙa'idar Ayya. Sau ɗaya take cin abinci a yini, kuma kafin rana ta yi tsaka. Ba ta roƙo, ba ta ɗauka da kanta, sai abin da aka miƙa mata hannu da hannu. In rana ta goce, shi ke nan sai gobe. Neville ya riga ya sanar cewa shi zai miƙa mata kwanon farko, ba don komai ba sai don ya sauƙaƙa wa jama'a rigimar wa zai miƙa.

Ranar ta zo da zafi da ƙudaje. Ayya ta sauko daga mota, 'yar ƙarama, tana dogara sanda, rabonta da abinci tun jiya da hantsi. Kicin ya cika da ƙamshin shinkafa da miyar kwakwa da soyayyen kifi. Neville ya leƙa, ya tafa hannu, ya ce kowa ya fito. So yake Ayya ta ga zaure cike.

Anti Malkanthi ta goge hannu a jikin zanenta. "Neville, kafin rana ta yi tsaka fa. Ka ji ni? Ayya ba yarinya ba ce."

"Anti, Anti," ya ce yana girgiza kai cikin tausayi, "tukunya ba ta taɓa kai kowa ga farkawa ba."

"Amma kai kullum tana kai ka teburi," in ji Glenys daga wajen wanke-wanke, "har da ƙari."

Matan suka kwashe da dariya. Neville ya yafe musu a fili, don su gani.

Aka zauna. Ayya a gefen mutum-mutumin Buda, Neville a kan jan matashinsa, daidai inda in ta ɗaga ido shi za ta fara gani. Ya buga kwanon. Ya miƙe baya, ya ɗora hannu kan hannu, ya saki wani ɗan murmushi da ya kwaikwaya daga fuskar mutum-mutumin.

Shirinsa mai sauƙi ne. Ba zai buga ƙararrawar tashi ba sai ya ga Ayya ta motsa. Tsohuwa ce, gwiwa ta lalace, dole ta gyara zama. In ta motsa ta buɗe ido, za ta tarar da shi daram kamar dutse, sai ta san ta sami magaji.

Ya ɗan buɗe ido ɗaya. Ayya ba ta motsa ba.

Ƙuda ya sauka a kan hancinsa, ya zagaya, ya leƙa ciki. Neville ya daure. Ya fara tsara jawabin karɓa a zuci. Zai fara da ƙi, sau biyu, sannan ya sunkuyar da kai. Zai ambaci Tailan. Ya sake leƙawa. Ayya tana nan kamar an dasa ta.

Akwai wata 'yar ɓaraka a kwanon rufin rumfar, tun zamanin tumaki. Ta nan rana ke zubo da wani siririn haske, yana rarrafe a dandamalin katako, kuma tun da aka sauke agogo kowa ya koyi karanta shi: in ya taɓa gindin mutum-mutumin, rana ta yi tsaka. Hasken ya haye gwiwar Neville. Ya ji ɗuminsa, ya ga jan haske ta cikin fatar idonsa, murna ta kama shi. Ashe hasken farkawar da littattafai ke faɗa ke nan! Kuma yau, a gaban shaidu!

Daga baya aka yi tari. Na Anti Malkanthi ne, ya san shi. Ta rantse ba za ta yi magana ba, amma ba ta rantse a kan tari ba. Ta sake yi, da ƙarfi.

A nan ne wani lungu na zuciyarsa, wanda natsuwa ba ta kai gare shi ba tukuna, ya gaya masa gaskiya: lokaci ya ƙure, buga kwanon nan. Hannunsa har ya nufi sandan. Sai ya tsaya. In ya buga yanzu, bayan tarin nan, me zaure zai ce? Mai kicin ta yi umarni, Santacitto ya bi. A gaban Ayya! A'a. Zai ɗan jira tarin ya huce, don kowa ya san bugun daga cikinsa ya fito. Maimakon sandan, sai ya ɗaga yatsa ɗaya sama, a hankali, ba tare da ya waiwaya ba.

Cikin wani ya yi ƙugi. Glenys ta buɗe ido, ta dubi hasken da ke ƙasa, ta dubi mijinta, ta rufe idon tana murmushi. Shi ya gani ta wutsiyar ido, ya ce a ransa yau dai matar nan ta san wa ta aura. Ta sani kuwa. Kalma ɗaya daga bakinta za ta cece shi, amma ta sha huɗuba a kan shiru har a teburin karin kumallo, yau kuma ta ga ranar aiki da ita.

Can a kan itacen turare wani tsuntsun kukabura, mai kuka kamar dariyar mutum, ya fashe da dariyarsa.

Da Neville ya gamsu cewa babu sauran mai danganta bugun da tari, sai ya ɗauki sandan ya buga. Sautin ya yi daɗi ƙwarai. Ya yunƙura zai tashi ya karɓo kwanon Ayya, ashe ƙafafunsa sun daɗe da barin duniya. Ya tafi gaba ɗaya, ya kife da fuska a gaban tsohuwar. Da yake mutum ne mai saurin tunani, sai ya haɗa tafin hannu a saman kansa ya zauna a haka, wai gaisuwa ce.

Anti Malkanthi ta tsallake shi da gudu zuwa kicin, ta dawo da kwano cike, ta durƙusa gaban Ayya. Ayya ta dubi hasken. Ya wuce gindin mutum-mutumin, har ya fara hawa bango. Ta ɗora tafinta a kan murfin kwanon cin abincinta.

"Ta goce, 'yata. Ku je ku ci. Sai gobe."

"Ayya, loma ɗaya..."

"Sai gobe."

Anti Malkanthi ta ajiye kwanon. Ta juyo kan mutumin da ke kwance, rantsuwa ta tashi.

"Tun asuba nake tsaye a kan kifin nan! Tsohuwa ta sha hanya da ciki wayam, kai kana nan kana ɗaga mini yatsa! To tashi mana, Sarkin Shiru! Jikin naka da ya san lokaci, bai san tashi ba?"

Karo na farko ke nan da ya ji sunan. Ya waiga ya ga wa ake nufi, ya tarar duk zauren shi ake kallo. Ya jingina da ginshiƙi, yana matsa ƙafa, ya gyara murya.

"'Yan'uwana a tafarki, ku lura da abin da ya faru. Ayya ta koya mana sakin abin duniya, ba da baki ba, a aikace. Ni na hango darasin tun muna zaune, shi ya sa na ba shi fili. Yunwa malama ce."

Bayan haka ya ci faranti biyu, da kifin da aka ware wa Ayya, saboda likita ya hana shi wasa da ciki.

Da la'asar aka sake taruwa. Ayya na riƙe da kofin ruwan zafi da zuma, abin da ƙa'ida ta bar mata ke nan. Neville ya hau jan matashi, hannu ya riga ya kama hanyar ƙirji.

"Neville," ta ce, "ka iya zama."

Ya sunkuyar da kai. Ƙi na farko na kan harshensa.

"Na buɗe ido sau da yawa. Duk buɗewa sai in tarar kana kallona. Ka ga abin da kake nema?"

Wani ya shaƙe da dariya a baya. Ayya ta kurɓi ruwanta. Ta ce jagoranci karɓa-karɓa za a riƙa yi, kuma wanda ya fi gudun abin shi zai fara. Sannan ta ce wa Glenys ta ɗauko mata abin nan da ta gani a kan tagar kicin. Glenys ta tafi da sauri irin wanda ba a san ta da shi ba, ta dawo da ɗan agogon dafa ƙwai, na roba, mai siffar kaza, fentin bakinsa ya goge.

"Daga yau wannan ce mai ƙararrawa," in ji Ayya, tana murɗa wuyan kazar. "Ba ruwanta da wa ke kallonta. A sama mata wuri mai tudu, kowa ya ji ta."

Wuri mai tudu ɗaya ne a zauren. Neville ya sauka.

A wajen ajiye motoci ya bayyana wa mutane cewa shawararsa ce tun farko, Ayya ta riga shi faɗa ne kawai. Yanzu yana zama can baya kusa da kwandon wayoyi, yana koya wa sababbin zuwa yadda ake jera takalma cikin natsuwa.

Wani abu guda dai ya samu. Sunan nan da jama'a suka yi shekaru sun kasa furtawa, yanzu har Anti Malkanthi ta iya shi sarai, tun da aka laƙaba wa kazar shi. Duk Lahadi za ka ji ta daga kicin: "Wa ya murɗa Santacitto? A murɗa ta, kada shinkafa ta ƙone!"