Injin Hyginus a Gidan Malam Iro

Wani ne a unguwar Jekadafari a Gombe, irin mutanen nan da ba a ambaton wani aiki a gabansu su ce ba su iya ba. Ka ce rediyo, ya iya. Ka ce famfo, shi ya koya wa mai famfon. Ko jirgin sama ne ya wuce, sai ya ɗaga kai ya ce ƙarar nan da yake ji, mai ne ya yi ƙasa.

To, yana neman auren wata Batul a unguwar Nasarawo, 'yar Malam Iro, wani dattijo Bakatsine mai sayar da yadi. Magana ta yi nisa, saura a sa rana, amma dattijon bai gama sakin jiki da shi ba. Ran nan ya je gaisuwa, ya tarar da Malam Iro a tsakar gida yana kallon wata bishiyar dogon yaro da reshenta ya kwanto a kan rufin ɗakin girki.

"Damina ta matso," in ji Malam Iro. "Iska ɗaya za ta sauke mana reshen nan a kan kwano. Masu inji zan kira su sare shi."

"Haba Baba, ina raye? Ai sai a yi mini dariya a gari. Ni da na yi aikin katako har cikin daji."

Ko zarton hannu bai taɓa riƙewa ba. Malam Iro ya dube shi, ya dubi bishiyar, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Washegari mutumin ya nufi shagon Hyginus, wani Ibo haifaffen Gombe mai ba da hayar injuna. Hyginus ya fito masa da injin sare itace, da dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a jikinsa, da sarƙar kanta a cikin leda, da sifana.

"Tsaya in ɗaura maka sarƙar, abokina. Sabuwa ce."

"Ni za ka ɗaura wa sarƙa? Bar ta."

"To ka ji dai. Haƙoran da ke sama su kalli gaba. Wannan ɗan sukurun kuma shi ke tsuke ta. Kada ka shaƙe ta, kada ka bar ta tana lilo. In ka ja ta da yatsa ta koma mazauninta, ta yi."

Mutumin yana can yana ɗaukar kansa hoto da injin a kafaɗa.

"Na sani, na sani. Sarƙa ai sarƙa ce. Ta kekena ma ni nake ɗaurawa."

Ya tari keke mai ƙafa uku sai Nasarawo. Yana isa ya tuɓe babbar riga, ya maƙala baƙin tabarau. Malam Iro ya jawo kujera ya zauna. Matarsa Kande ta bar wanki ta tsaya. Batul tana leƙe ta taga. Mutumin ya durƙusa ya ɗaura sarƙa yana fito, haƙora suna kallon baya.

"Bari in fara ɗana shi a wannan ƙaramin reshen na ƙasa, Baba, don ku ga yadda abin yake."

Ya finciki igiya, inji ya tashi da ƙara, kaji suka watse. Ya ɗora shi a kan reshen. Hayaƙi ya tashi. Ya danna, ya ƙara dannawa, har jijiyoyin wuyansa suka fito. Da ya ɗaga, sai ga reshe lafiya lau, wurin ma ya yi sumul yana ƙyalli kamar an goge takalmi.

"Ya yanku?" in ji Malam Iro.

"Ai ba a fara da yanka, Baba. Sai an ɗumama itacen tukuna."

Ya ce ana kiransa a waya, wani abokin aiki ne ke neman shawara. Ya shige zaure ya kira Hyginus, murya ƙasa-ƙasa.

"Injinka ba ya ci. Hayaƙi kawai yake."

"Baibai ka sa. Juya ta."

Mutumin ya dawo, ya zagaya ɗaya gefen bishiyar, ya ba mutanen gida baya, ya sake ɗora inji. Hayaƙi ya ninka. Kande ta fara tari. Ya sake komawa zaure.

"Na juya, har gabas na kalla. Babu abin da ya canja."

Hyginus ya ja tsaki.

"Abokina, sarƙar za ka juya. Kai ka tsaya inda kake. Kuma na gaya maka, kada ka shaƙe ta."

Ya dawo ya kwance notuna, ya juya sarƙar, ya ce wa Malam Iro bishiyar ce mace, ita kuwa mace da irin ɗaurinta. Da ya zo kan sukuru sai ya tuna an ce kada ya shaƙe ta, don haka ko taɓa shi bai yi ba. Sarƙa ta sauko a ƙarƙashin ƙarfen tana reto kamar leɓen raƙumi.

"Ɗan nan," in ji Kande, "abin nan bai yi sako-sako ba kuwa?"

"Haka ake so, Inna. Sai tana shan iska take ci."

Ya tayar da inji, ya matsa masa wuta. Bai ma kai ga reshe ba sarƙa ta yi tsalle ta bar ƙarfen. Ta tsinke igiyar shanya, wankin Kande ya zube a ƙasa. Ta fille kan gwandar da Malam Iro ya dasa da hannunsa. Ta ƙarasa a cikin tankin ruwa na roba, ta tsaga shi. Ruwa ya yi ta bulbulowa, ya kwashe takalman Malam Iro ya nufi ƙofar gida da su.

Batul ta rufe taga.

Mutumin ya tsamo sarƙar daga cikin laka, ya goge ta da wani farin ƙyalle da ya gani kusa. Rigar Juma'ar Malam Iro ce.

"Kun dai ga kaifinta, Baba. Saiti ne kawai ya rage."

Malam Iro ya dubi rigarsa. Ƙafafunsa kawai ya ɗaga ya ɗora a kan sandar kujera.

Wannan karon mutumin bai kira kowa ba. Ya ce a ransa, tunda sako-sako ne laifin, yau sai sarƙar nan ta san da wa take yi. Ya murɗa sukuru har ya ƙi motsi. Ya ciji leɓe ya ƙara. Ya ɗauko taɓaryar Kande ya bubbuga sifana a kan notuna. Sarƙa ta manne da ƙarfe, ko allura ba ta shiga tsakaninsu.

"Yanzu babban reshen zan nufa kai tsaye. Wasa ya ƙare."

Ya jingina tsani, ya haye rufin ɗakin girki, ya tsaya a kan tsohon kwano yana gyara tabarau. Ya finciki igiya, inji ya tashi, sarƙa ko gezau. Ya matsa wuta, inji ya yi ta kururuwa kamar akuya a hannun mahauci, wani wari ya cika unguwa, sarƙa tana nan inda take. Inji ya mutu. Ya finciki igiya, shiru. Ya sake, shiru. Ya buɗe ƙafafu, ya tattara ƙarfinsa duka ya fincika. Igiya ta tsinke a hannunsa, ya tafi da baya, kwano ya ɓurma da shi.

Aka ji faɗuwar tukwane, sannan aka ji faɗuwar injin a kan abin da ya rage.

Can sai ga shi ya fito daga ɗakin girki yana ɗingishi, miyar kuka tun daga kai har wuya, tabarau saura ido ɗaya, igiyar inji a hannu. Ya tsallake wanki, ya tsallake gwanda, ya zo ya durƙusa cikin ruwa a gaban Malam Iro. Reshen nan yana sama yana kaɗawa, ko ganye ɗaya bai rasa ba.

"Baba, na gano matsalar yanzu. Gobe da sassafe in sha Allahu zan dawo in ƙarasa."

Malam Iro ya dubi rufi, ya dubi tanki, ya dubi bishiya.

"To, ɗana. Amma goben gidan za ka auna da injin, ko Allah zai sa ka samu bishiyar."