Yadda Ake Sa wa Tsohuwar Mota Turbo Don Haye Tudun Gidan Surukai

Ɗan'uwa, matso kusa. Idan motarka na cikin masu tari da safe, masu hango tudu su fara kuka tun daga nesa, to yau ka dace. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ta yi fiffike, aljihunka kuwa ko ƙwarzane ba zai yi ba. Na gwada su a kan motar maƙwabcina Tela, kuma har yau muna gaisawa.

1. Samo dalili mai zafi

Ba a buɗe injin don nishaɗi, sai an ci maka fuska. Gidan surukin Tela yana can ƙololuwar wani tudu. Duk ƙarshen mako in sun je gaisuwa, motar sai ta kai rabi ta yi ajiyar zuciya ta mutu. Matarsa da yara su fito su tura, Tela na ciki riƙe da sitiyari kamar bai san su ba. Tsohon surukin nasa kuwa yana ƙofar gida kan kujerarsa ta roba, yana kallo. Shekara da shekaru ba ya kiran Tela da komai sai "mai motar nan".

Rannan matar ta karkaɗe hannu ta ce, "Baban yara, na yi turin ƙarshe. In ta ƙara mutuwa, Yaya ne zai riƙa zuwa ɗaukarmu."

Yayan nata motarsa sabuwa ce fil, bakinsa kuma ba ya shiru. Tela ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Irin wannan dalilin nake nufi.

2. Sayi babba

Turbo wata fanka ce mai siffar katantanwa. Hayaƙin salansa ke juya ta, ita kuma ta ɗura wa injin iska har ya ji kansa zaki. Masana za su ce maka akwai lissafi a ciki. Gaishe su ka wuce.

Je wurin 'yan gwangwan. Za su nuna maka 'yar ƙarama daidai motarka, da tsadar tsiya. Kada ka kula ta. Tela ya hango wata ƙatuwa da aka ciro daga motar ɗaukar yashi, ana sayar da ita a farashin tsohon ƙarfe.

"Maigida, wannan ba ta yi wa motarka yawa ba?" in ji mai gwangwan.

"Rigar yaro ma da girma nake ɗinka ta," in ji Tela. "Yana girma yana samun ta."

Ka ji mai hangen nesa!

3. Sayar da abin da ke ja maka baya

Nauyi maƙiyin gudu ne. Kujerar baya, tayar safaya, rediyo, duk kai su kasuwa. Mota ta yi sauƙi, kuɗin turbo ya fito. Yara kuwa a shimfiɗa musu tabarma, dama can ba sa zama wuri ɗaya.

4. Kwance injin ba tsoro

Shimfiɗa tsohon zanin gado a tsakar gida, ka kama sifana ka hau kwance notuna. Tela ya yi wa kowane ƙarfe alama da allin ɗinki don kada ya rikice. Hikima ce babba, sai dai baƙin mai ya shanye allin tun kafin ya juya.

Za a ce maka sai ka sa sababbin fistan, ƙarafan nan da ke kai da komo cikin injin, masu jure matsi. Wanke tsofaffin da fetur, ka yi musu nasiha, ka mayar. Za a ce kuma sai gaskit mai kauri, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin injin da murfinsa, don iska ta sami wurin zama. Tela ya haɗa sirara guda biyu, yadda yake yi wa kwat shafi. In ka gama ɗaurewa ka ga notuna sun rage a kwano, kada ka damu. Injin ne ya rage ƙiba.

5. Kada ka gwada ta a titi

Gwaji yana shan mai, yana tara 'yan kallo. Tayar da ita a tsaye kawai. Da Tela ya ji ta yi wani siririn fito, sai ga shi yana rawa a tsakar gida, tef ɗin awo a wuya, fuska duk baƙin mai.

"To birki fa?" in ji matar.

"Maman yara, hawa za mu yi. Wa ke taka birki a hawa?"

6. Taka totur ka jira

Ga sirrin da masu sayarwa ke ɓoyewa. Babbar turbo a ƙaramin injin ba ta amsa kira nan take, sai hayaƙi ya ishe ta tukuna.

Ranar gaisuwa Tela ya iso gindin tudu, ya taka totur har ƙasa. Shiru. Mota na rarrafe yadda ta saba. A rabin hanya matar ta fara laluben waya a jaka za ta kira Yaya. Tsohon ya gyara zama a kujerarsa. Tela gumi har cikin ido, bai ɗaga ƙafa ba.

Saura ƙiris su kai ƙofar gida, turbo ta farka.

Wayyo! Wani irin fito ya tashi, motar ta ɗaga kai, yara suka mirgina baya kan tabarma suna ƙyalƙyala dariya. Tela ya leƙo zai ce "Baba, ina wuni", bai kai rabin gaisuwar ba gida ya koma bayansu. Iskar wucewarsu ta tafi da hular tsohon. Suka gangara ta ɗaya ɓangaren, gaskit biyun nan suka raba gari, farin tururi ya turnuƙe, motar ta je can ƙasa ta tsaya cak.

7. Karɓi sakamakonka

Yanzu ga tudu a gabanka kuma, ta ɓangaren da ya fi tsayi. Matar ta harɗe hannu riƙe da waya, ta riga ta rantse ba za ta ƙara turi ba. Tela ya fito ya dafa ƙofa, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Sai ga tsohon yana gangarowa, hula a hannu, yana haki yana dariya har da hawaye.

"Kai! Kai! Wallahi na ɗauka jirgi ne!"

Ya naɗe hannun rigarsa, ya dafa bayan motar da hannu biyu, ya dubi 'yarsa. "Ke, mayar da wayar nan. Motar yayanki ba ta taɓa cire min hula ba." Sannan ya juya ga Tela. "Shiga ka riƙe sitiyari, ɗana."

Tela ya shiga. Ya ce tururi ne ya shigar masa ido.

Sanarwa

Ni dai shawara na bayar. Ban riƙe sifana ba, ban san inda notunanka suka tafi ba, kuma ranar da abin ya faru ba na gari. Motar Tela tana ƙofar shagonsa a kan duwatsu, kaji na ƙwai a inda kujerar baya take a da. Idan surukinka ba mai dariya ba ne, kada ka neme ni.