Injiniya Mai-Dogo na Ma'adi

Idan ana lissafin manyan mutanen da Allah Ya yi wa Alƙahira baiwa da su, dole a fara da Injiniya Zainulabideen, sannan a huta, a sha ruwa, a ci gaba da sauran. Neman ilimi ne ya kawo shi Masar, amma da ya auna ilimin ya ga ya yi wa kansa kaɗan, sai ya bar wa mabuƙata, ya koma yi wa marasa lafiyar da ke zuwa daga gida tafinta a asibitoci. Daga nan ya tashi daga Darrasa, unguwar ɗalibai, ya koma Ma'adi. Ɗaki biyu ne a bayan wani garejin gyaran mota, amma dai Ma'adi ce, kuma yana faɗin sunan unguwar ne a hankali, don kowa ya samu rabonsa.

Injiniyancin kuwa rana ɗaya ya same shi. Yana wucewa ta Wustul Balad, tsakiyar birnin, ya hango wani ɗan jirgin ƙasa a tagar shago, bai fi tsawon tafin hannu ba, yana zagaya layinsa. Mai shagon, wani Bamisire mai suna Isam, ya buɗe masa kwali: layin dogo mai zagaye, kan jirgi ɗaya, 'yan taragai, da na'urar dijital mai kama da rimot. Ka danna lambar jirgi ka murɗa, jirgi ya tashi, ya kunna fitila, har jiniya yake yi. A jikin kwalin an rubuta ɓaro-ɓaro cewa na masu koyo ne. Zainulabideen ya sa aka naɗe masa shi da jarida. Tafinta ya shiga shagon, Injiniya ya fito.

Ɗaliban Darrasa, waɗanda ba sa barin alheri ya wuce ba su sa albarka ba, suka laƙaba masa Mai-Dogo. Shi kuwa mutum ne wanda sai ya yi ɗage yake kama abin riƙewa na sama a cikin metro, jirgin ƙasan cikin gari, amma ya karɓi sunan hannu bibbiyu, har ya sa a saman lambar wayarsa.

A gida, teburin cin abinci ya zama hedikwata. Da matarsa Mardiya ta tambaya a ina za a riƙa cin abinci, sai ya dube ta da tausayi.

"Mardiya, ƙasashen da suka ci gaba ba da tebur suka ci gaba ba. Da dogo suka ci gaba."

Aka koma tabarma. Ya sayo hular kwano mai baki da usur. Kullum bayan la'asar sai ya tsaya a kan teburin ya sanar da tashin jirgin Kano zuwa Maiduguri da Hausa, da Larabci, da wani abu da ya ce Turanci ne. Jirgin ya ratsa kwalin takalmi da aka huda ya zama rami cikin dutse, ya wuce gwangwanin tumatir da ke matsayin tankin ruwa, ya dawo inda ya taso. Injiniya ya duba agogo ya gyaɗa kai. A tarihin hukumarsa jirgi bai taɓa makara ba. Fasinja ma bai taɓa kuka ba.

Ilimi irin wannan ba ya zama a ɗaki. Wata rana ya ja wasu ɗalibai zuwa tashar metro don ya nuna musu kurakuran Misirawa. Ya soki tsawon dandamali, ya soki yadda direba ke taka birki, ya ce da shi aka tuntuɓa da ba haka ba. Jirgi na tsayawa ya yi gaba cikin isa, yana ci gaba da bayani, ƙofa ta rufe. Sai da ya juya neman ɗalibansa ya ga taragon mata ya shiga. Wata dattijuwa mai jakar kayan miya ta yi masa karatun da bai samu a Darrasa ba, tun daga tashar har ta gaba. Da ya sauka ya shaida wa ɗaliban cewa binciken ba-zata ya kai.

Ana nan sai Alhaji Ɗantsoho ya zo aikin gwiwa. Attajiri ne daga gida, kuma ana raɗe-raɗin cewa duk muƙamin da za a raba a jiharsu sai ya bi ta falonsa. An kuma ce jihar na shirin shimfiɗa layin dogo. Injiniya ya haɗa wannan da wancan, ya ga kansa a bayan baƙar mota, mai ba gwamna shawara kan jiragen ƙasa. Ya yi wa Alhaji tafinta da ladabin da likitan kansa bai samu ba, har Alhaji ya yarda zai zo gida cin abinci ranar Juma'a.

Jirgi ɗaya ba zai isa babban baƙo ba. Da safiyar ranar Injiniya ya koma wurin Isam ya sayo kan jirgi na biyu. Ya liƙa wa sabon takarda mai sunan Alhaji, tsohon kuma ya sa masa nasa sunan. Mardiya ta ce ko zai gwada kafin baƙi su iso. Ya ce gwaji na masu shakka ne.

Alhaji ya iso yana dogara sanda, ɗalibai biyu na riƙe da shi, wasu biyu na biye. Da yake gwiwa ba ta lanƙwasuwa, aka sa masa kujera a bakin teburin, Mardiya ta ajiye masa kwanon mulukhiyya, miyar lalon Misirawa, a ɗan filin da ya rage kusa da layi. Injiniya ya gyara hula, ya ɗaga na'urar sama.

"Ranka ya daɗe, matsalar ƙasarmu ɗaya ce, hannuwa sun yi yawa. Dubi wannan. Jirage biyu, layi ɗaya, hannu ɗaya. Wanda na ce ya tafi, ya tafi. Wanda na ce ya tsaya, ko gwamna ne a ciki, ya tsaya. Yanzu jirginka zai jira a tasha cikin girma, nawa ya zo ya kawo gaisuwa. Yalla, mu tafi!"

Ya busa usur ya murɗa.

Abin da Injiniya bai sani ba, irin waɗannan jirage duk da lamba ɗaya suke fitowa daga kamfani, sai mai su ya zauna ya ba kowanne tasa. Saboda haka da ya kira ɗaya, biyu suka amsa. Jirgin Alhaji, wanda aka ce ya jira cikin girma, ya zabura. Injiniya ya murɗa don ya tsayar da shi, sai ya ƙara musu wuta. Ya danna wani maɓalli, duka biyun suka kunna fitila. Ya danna wani, duka biyun suka yi jiniya. Suka haɗu a bakin kwalin takalmi. Jirgin Injiniya ya kwanta a gefe yana juya ƙafafu, na Alhaji kuwa ya bar layi da taragansa, ya faɗa cikin mulukhiyya har wuya. Miyar ta yi tsalle ta sauka a farar shadda.

Ɗaliban nan suka shiga tari. Mardiya ta tuna tana da aiki a kicin. Amma babban mutum ba ya faɗuwa a gaban jama'a. Injiniya ya tsamo jirgin, yauƙi na bin sa, ya ɗaga shi.

"Ka gani, ranka ya daɗe? Da gangan na yi. Wannan shi ne abin da zai faru idan aka ba wanda bai sani ba."

Alhaji ya yi dariya har sai da ya riƙe gwiwa. Ya ce tun da ya zo Masar bai ji daɗi irin na yau ba, kuma lallai akwai maganar da za su yi kafin ya koma.

Kwanakin da suka biyo baya Injiniya bai taka ƙasa ba. Ya sanar da Mardiya ta fara haɗa kaya. Ya yi wa mai garejin sallama, ya yafe masa hayaniyar shekaru. Ya yi wa ɗalibai uku alƙawarin aiki, ya hana na huɗu saboda tarinsa ya fi na kowa ƙarfi.

Ana gobe Alhaji zai tashi, waya ta shigo: a zo masauki, akwai aiki. Injiniya ya sa babbar riga, ya fesa turare, ya ɗauki tasi don kada metro ta ɓata guga. Ya tarar da Alhaji a zaune cikin akwatuna da mutanensa. Alhaji ya nuna shi da sanda.

"Yawwa, ga mai kayan wasan nan da nake ba ku labari. Malam Zainu, don Allah raka direba shagon nan a sayo wa jikokina irin naka. Amma ka bar mai shagon ya haɗa musu da kansa."