Ranar Da Na Soke Gwaggo Daga Waƙa

Har yau ƙamshin masa kan tuna mini da bikin ƙanwata a Gummi. Ina sabuwar malamar firamare lokacin, Inna ta ce in rubuta waƙar da zan karanta wa matan dangi. Na yi baiti talatin, kowace gwaggo da nata. Da na sake dubawa, sai na ga sunaye sun yi wa waƙar nauyi. Na soke su duka, na bar baiti huɗu a kan amarya da farin wata bisa gulbi. Har ƙwalla na yi don daɗinsu.

Na karanta, na tsaya jiran guɗa.

Gwaggo Hure, wadda ta taso tun daga Bukkuyum, ta gyara zama. "Bisimilla ta yi kyau, ɗiyata. Shiga waƙar."

"Ta ƙare, Gwaggo."

"Farin wata na ciki, ni babu? Shi yag goya ta?"

Tun ranar suke kirana Malama Almakashi. Sai bayan shekaru na ji cewa washegari Inna ta bi gwaggonnin ɗaya bayan ɗaya, tana rera wa kowacce baitin da ta ƙirƙira, tana cewa nawa ne, kunya ta hana ni karantawa.