Ledar Sabuwar Waya

"Lafiya ƙalau, Teta. Na ɗauka zan tarar ana sadakar arba'in ɗinki."

"Sai na binne ka tukuna, mai ƙafar sauro. Me ka zo ci?"

Ba ci ya kawo Shadi ba. Digiri na biyu yake yi a Iskandariyya, a kan bidiyon da mutane ke ɗorawa a intanet suna buɗe kwalin sabuwar waya. Ya kalli ɗari biyu, ya ware waɗanda suka saya da kuɗinsu daga waɗanda kamfani ya ba kyauta don talla. Malamarsa ta ce idon mutum ɗaya ba hujja ba ne. Sai wani ya ware nasa daban, an gwada sun dace, kafin ta sa hannu ranar Alhamis. Abokan karatu duk sun zille. Saura kakarsa Nawal, wadda yake kira Teta.

"Shekara uku kana kallon ƙarti suna buɗe kwali," in ji ta. "Ni ma na buɗe gwangwanin kifi ɗazu, a ba ni digiri."

"Ke da ba ki san gaban waya da bayanta ba? Ga bidiyo goma na gwaji a kwamfuta, na riga na san gaskiyarsu. Ki saurari yawan yabon da..."

"Kashe muryar. Taka ma ta ishe ni."

Ta gyara tabarau. "Wannan kyauta ce. Wannan ma. Wannan bawan Allah guminsa ne."

Shadi ya duba takarda. Goma cif. Shi shida ya ci a gwajin farko.

"Tsohuwa, aljanu gare ki?"

"Ido gare ni. Dubi yadda wanda aka ba kyauta ya fizge ledar fuskar wayar ya yar kamar ɓawon lemo. Waye a garin nan zai sayi abu da wahalarsa ya ɓare masa leda? Kakanka har ya mutu kujerun motarsa na cikin leda."

"Wannan ba ya cikin littafi."

"To je littafin ya sa maka hannu."

Shadi ya dubi tasa wayar. Shekara biyu, ledar na nan, gefenta ya naɗe ya yi baƙi. Ya fashe da dariya, ya tura mata kwamfutar.

"Saura ɗari biyu, Dakta Nawal. Na sayo miki kek ɗin basbusa, yana jaka."

"Ɗora shayi. Kuma sunana a saman naka a kundin digirin."