Farfesa da Kabewar Surukarsa

"Ni fa ba na jiran zuma ta yi mini aiki," in ji Farfesa, yana buga ƙirji. "Ƙwaro ne zai koya mini haɗa iri?"

Tela ne, amma tun da ya kalli bidiyo biyu a waya kan barbarar fure, mu 'yan lambun bayan gida muka laƙa masa Farfesa. Mu ma ɗin ba gara ba ne, tumatir huɗu muke samu a shekara, mu yi ta ɗaukarsa hoto.

Surukarsa ce ta ba shi ƙwayar kabewa uku, ragowar irin da marigayi mijinta ya bari. Daga su babu sauran.

"Inna, ki sa ido kawai," ya ce. "Bana sai an ɗauko kabewa a baro."

Kabewa ta yaɗu ta yi fure. Farfesa ya fito da burushin kwalliyar matarsa, yana kakkaɓe garin nan rawaya na cikin fure a kan takarda. Don ya bushe da wuri, ya kunna masa fanka. Fuuu! Rabi a labule, rabi a hancinsa. Ya yi atishawa har hularsa ta faɗi.

Karo na biyu ya ɗora takardar a kan dutsen guga.

"Baban yara, me ke ƙauri?" in ji matarsa.

"Bincike ne."

"To binciken ya ƙone."

Na uku dai ya bushe lafiya. Ya zuba a kwalbar maɓallai, ya rubuta KADA A TAƁA, ya sa a firji. Kullum da safe sai ya tsuguna da burushi yana bin fure ɗaya-ɗaya, yana huci kamar mai saka zare a allura. Sati uku, ko ɗan kabewa kamar ƙwai babu. Gaskiya ya tsorata, don ya san irin marigayi ne ke mutuwa a hannunsa.

Ran nan sai ga Inna. Ta zagaya lambun, ta leƙa wani bokiti a gefe, ta gan shi cike da tsinkakkun furanni. Ba ta dube shi ba, 'yarta ta kalla.

"Tambayi mijinki, waɗannan furannin wa ya tsinke su?"

"Ni ne, Inna," ya yi caraf. "Marasa lafiya ne. Kin ga kumburi a gindinsu? Kullum sai na cire, kada su shafa wa sauran."

Inna ta yi salati, ta dafa katanga.

"Gaya masa kumburin nan shi ne kabewar. Matan furen ya tsinke kaf, ya bar maza yana yi musu hoda!"

Farfesa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Can sai matarsa ta ƙwala kira daga bayan tankin ruwa, inda wani reshe ya saƙala. Ga kabewa ɗaya jibgegiya, ta yi kwance abinta.

Inna ta rungume ta, har da ƙwalla. Farfesa ya sosa ƙeya.

"Wannan ban ma san da ita ba."

"Ai shi ya sa ta rayu," in ji Inna.